Rasuwar Malam Ance, Rediyon Shitu Heluma

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Shitu Ba'awa, tsohon heluma, wato shugaban leburori, a ramin kuza na Riruwai, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a tabarmar ƙofar gidansa bai kawo ko goro ba, rasuwar rediyonsa, wanda gari ya fi sani da Malam Ance. Ya cika ranar Alhamis da la'asar sakaliya, cikin bazarar bana ta hamsin da takwas, yana tsakiyar magana.

Marigayin haifaffen Ingila ne, amma daga Jos Shitu ya ɗauko shi shekarar da kuza ke tsada, ya rungumo shi a bayan mota kamar jariri. Ya iso bai san kowa ba, kafin kasuwa ta zagayo kowa ya san shi. Sunan Ance kuwa shi ya jawo wa kansa, don bai taɓa buɗe baki bai fara da "an ce" ba. Wanda ya ce ɗin, har ya bar duniya bai fallasa shi ba. Riƙon amana ke nan.

Masani ne. Yakan faɗi farashin kuza a Landan tun kafin akawun kamfani ya ji, ya faɗi tsawon dalar gyaɗa a Kano kamar da shi aka ɗora buhunan. A siyasa ba a taɓa kama shi da son kai ba. Lokacin zaɓe, da safe ya ce taron wannan jam'iyya ya cika fili ba masaka tsinke, da yamma ya ce na waccan ma haka. Iyakar rayuwarsa bai ga taron da bai cika ba, bai kuma san wani babba da ya yi wani abu ba sai "kira ga jama'a". Yana son kalangu da goge, ko da yake yakan katse mawaƙi ana tsakiyar kirari don ya faɗa wa mutanen Riruwai ƙarfe nawa ne a Ingila. Bai taɓa neman tuwo ba. Batir kawai yake ci, amma fa yana ci.

Ba a tona aibin mamaci, sai dai akwai abu guda da gari ya riƙe shi da shi. Ya ambaci Ikko, ya ambaci Kaduna da Alƙahira da garuruwan da kakan kowa bai taka ba, amma ko da kuskure bai taɓa cewa Riruwai ba. Yakan yi zancen kuza kamar a Landan take tsirowa. In aka yi wa Shitu gori, sai ya ce alkunya ce: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, baƙon kirki kuma ba ya kama sunan masaukinsa gatsal. A wurinsa shirun nan ba raini ba ne, girmamawa ce.

Da kakar bara marigayin ya ce, cikin muryarsa ta kullum, "An ce farashin kuza ya ɗan sauka." Sannan ya sa goge. Wannan ɗan saukar ce ta rufe rami, ta kwashe leburori mota-mota, ta bar ɗakuna ga jemagu. Malam Ance bai ce uffan a kai ba. Shitu kuwa yana da ƙa'ida: abin da Ance bai faɗa ba, bai tabbata ba. Saboda haka rami bai mutu ba, hutawa yake yi, kuma ranar buɗewa daga bakin Ance za a ji. Wansa Uba ya aiko daga garinsu Ba'awa cewa gonar mahaifinsu ba za ta sake kwana saura ba: in ruwan shuka ya sauka Shitu bai iso ba, zai ba wani aro. Uwargidan Shitu, Safara'u, ta ɗaure kwanoninta tun daga ranar. Shitu ya ƙara matsawa kusa da rediyo.

Ciwon ajali da dishewar murya ya fara, sai tari, sai suma jifa-jifa. An shanya masa batir a rana. An mare shi a kunci, cikin ladabi. Shitu ya sayar da rigarsa ta salla ya sayo sabon batir, ya ɗan farfaɗo kwana biyu. Adamu mai gyaran keke ya buɗe bayansa, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce a yi haƙuri.

Ranar Alhamis hadari ya haɗo gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Marigayin ya yi gyaran murya, ya ce, "An ce a Ri... rrr..." Daga nan bai ƙara ba.

A kan wannan kalma shaidu sun rabu. Shitu ya rantse Riruwai zai ce, nauyin sunan ne ya fi ƙarfin ƙirjinsa. Safara'u ta ce gargara ce, haka kakarta ta yi. Umaru direba kuwa ya ce a Tudun Wada ya ji labaran ranar har ƙarshe, Ringim aka ce, kuma zancen gyaɗa ne. Iyalan marigayin sun yafe wa Umaru zuwa gaisuwa.

Ya rasu ya bar mayafinsa da Safara'u ta yi wa ado da zare, da tabarma guda da ta fi ƙarfin masu zama, da doguwar wayarsa mai kamo murya da ke ɗaure a kan ɗorawa, da masu sauraro da suka watsu daga Jos har Zariya. Batura da dama sun riga shi gidan gaskiya. Ya kuma bar Shitu, wanda ya yi kuka a bainar jama'a bai rufe fuska ba, don jiran buɗewar rami ma yana son abin da za a zauna a gabansa, shi kuwa yanzu ba shi da shi.

Liman ya ce babu salla a kan akwati, iyali kuma sun karɓi fatawa. Za a kai marigayin gobe bayan an sauko daga Juma'a, a sa shi a tsohon ramin kuza, don ya ga inda abin yake fitowa ko sau ɗaya. Ba za a yi zaman makoki a Riruwai ba. Mai son gaisuwa ya sami Shitu a Ba'awa, a gona, ya zo da fartanyarsa. Motar Umaru za su bi ranar Asabar, Safara'u a gaba, Shitu a baya kan kaya, tun da ba ya magana da direba.

Wayar kan ɗorawa kuwa, Shitu ya roƙi kada kowa ya kwance ta, ko don igiyar shanya. Ya ce a bar ta nan, ko wata rana za a ambaci garin, kada maganar ta zo ta rasa inda za ta sauka.