Ta'aziyyar Jaki a Rawayya

Ko zan manta da komai na shekarar da na fara koyarwa a Rawayya, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ba da kyaututtuka ba.

Ni aka ɗora wa shirya wasan kwaikwayo. Na rubuta na barkwanci: wani manomi, Tanko, jakinsa ya mutu, ya shimfiɗa tabarmi yana karɓar gaisuwa, yana lissafa halayen marigayin. Duk lokacin gwaji sai ɗalibai sun riƙe ciki don dariya. Na riga na gaya wa kaina cewa Gusau ma ta yi mini kaɗan.

Kuskurena ɗaya, ban yi wa hedimasta bayani ba. Sunan wasan kawai ya gani, "Rashin Tanko". Da ya karɓi lasifika sai ya sassauta murya, ya ce yanzu za a ga wasa mai ban tausayi a kan jarrabawar rayuwa, don haka kowa ya nutsu, duk yaron da ya yi dariya zai gamu da shi.

Aka fara. Tanko ya faɗi yana birgima, yana cewa marigayin bai taɓa cin dawar maƙwabci ba sai da dalili. Shiru. Wata tsohuwa ta ja gefen mayafi ta share ido. Manoma suna ta jinjina kai (sai a lokacin na tuna kusan kowa a wurin ya taɓa rasa dabba, kuma ya san zafin ɗaukar taki a ka).

Na ce bari in buɗe musu hanya, in sun ji ni za su biyo. Na matsa kusa da layin manyan baƙi, na jira Tanko ya kai wurin da ya fi ban dariya, na ƙyalƙyale da dariya har da tafi.

Ni kaɗai.

A layin gaba akwai Alhaji Mamman, mahaifin yarinyar da nake nema. Bai ko waiwayo ba. Ya karkata wajen na kusa da shi, ya ce a hankali, amma kowa ya ji, “Wanga malami, mutum na cikin rashi shi yana dariya. Allah shi kyauta.”

Aka tashi ana yaba wasan. Hedimasta ya riƙe hannuna ya ce bai san ina da zurfin tunani haka ba, sai dai in riƙa kame kaina a gaban jama'a. Sai da kawuna ya taso daga Bungudu ya yi wa Alhaji bayani kafin maganar aurenmu ta ci gaba. Har yau Alhaji bai yarda wasan na dariya ba ne, ya ce shi dai ya ga mutum da jakinsa.

Tun daga ranar na gane mutane da abin da aka ce musu za su gani suke zama. Yanzu ko labari zan ba matata, sai na fara sanar da ita cewa na dariya ne.