Ran da Kailu yash sha Ingilishi

"Ingilishi? Ni da niy yi wata ukku Legas ina saida agogo? Ku ba ni awa guda. In yaran nan ba su hwara mahwalki da shi ba, ku aske min gemu."

Kailu ke nan, Sarkin Cika-baki, gaban taron iyayen yara na wata kwaleji nan Filinge. Kai ma ka san ba don yara shika yi ba. Shugabancin kwamitin iyaye shika so, don shugaba ka riƙon tampo, hatimin kwamiti, shi kuwa ya daɗe shina marmarin buga tampo tim bisa takarda mutane na kallo. Abokin takara tai Yazid tela na, mutum marar hayaniya.

Madan Safi mai koyar da Ingilishi ta tac ce yara sun kasa gane infinitif da jerondif, ga jarrabawa ta matso.

"A, waɗannan biyun?" in ji Kailu. "Tun Legas nis san su."

Anka yanke: Litinin shi zo shi koyar gaban iyaye, in an ƙare a yi zaɓe.

Ingilishin gogan naka kuwa duka "hawa moc" na da "kwam hiya". Da yak koma gida yak kira ɗiya tai Haske.

"Zo in gwada ki. Mi na jerondif?"

"Baba, wani aikatau ana sa mai 'tu' gaba, shi na infinitif. Wani ana liƙa mai 'ing' baya, shi na jerondif. Bayan 'want' sai na hwarko, bayan 'enjoy' sai na biyu."

"Don mi?"

"Hakanan. Sai an haddace."

"Kin ci," yac ce, gumi na bi mai ƙeya.

Sai dabara taz zo ma shashasha. Tunda ana ba yara rubutu su sha lokacin jarrabawa, mi za shi hana babba shi sha darasi? Lahadi da hantsi yaz zaro kaye guda, littahin rubutun makaranta, cikin jakar Haske, yat tahi wurin Nafi'u mai hotokwafi yac ce a ba shi kwalbar tawadar tampo.

"Tawadar malamai ta Larabci ta. Karatun nasara tawadar nasara shika so."

"Kailu, wagga hwa in ta kama ba ta hita."

"Abin da nika nema ke nan. Kar shi hita."

Yas samu hwarin hwarantin mata tai Mas'uda, yaz zane shahi ukku harahi bayan harahi kamar mai zanen kaza, yaw wanke da ruwan zahi, yash shanye, yal lashe.

Litinin da sahe yad dubi madubi. Leɓe, halshe, haƙora, har rabin gemu, shuɗi kamar ya kwana ramin rini. Yag goga toka, yag goga sabulu da lemun tsami, abu sai ƙara sheƙi. Sai yan naɗa hwarin rawani har hanci, cikin zahin watan huɗu, yat tahi lakwal, makarantar su Haske.

Aji cike, iyaye maƙil ga taga. Yah hwara gunguni cikin rawani.

"Baba Kailu," in ji Madan Safi, "a sauke amawali, yara su ga yadda baki ka hurta kalma."

"Mura nika yi, madan."

"To, bayan 'enjoy' mi aka sawa?"

Yaj jira Ingilishin shi taso daga ciki. Abin da yat taso gyatsa ta, mai warin ofis.

"Wanga ya danganta da unguwa," yac ce. "Legas babban gari na."

Gumi kuwa na aiki nai. Shuni yah hwara ɓullowa bisa rawanin, daidai baki, da'ira tsab. Ana cikin haka sai ga Mas'uda da hwaranti.

"Malam, wa yal lalata min hwarantin aurena? Na wanke har hannuna ya saɓe, rubutun ya ƙi hita."

Madan Safi tak karɓa, tak karanta, tad dubi Kailu.

"Wanga ai Faransanci na. Darasin tsutsar ciki."

Haske tas sunkuyar da kai. "Kayen kimiyya yaɗ ɗauka."

Yab buɗe baki za shi musu, rawani yas sulluɓe. Aji yaɗ ɗauki dariya har maigadi yas sheƙo da gudu.

Zaɓe kam ko Mas'uda Yazid taɗ ɗaga ma hannu. Da anka miƙa ma Yazid tampo, yad dubi Kailu, cikin ladabi yac ce:

"Yaya Kailu, kar ka yi nisa. Ran da tawada taƙ ƙare muna, za mu aiko da takarda ka lasa."