Kowa Ya Zo da Abokinsa

Jama'a, kwanan baya da hantsi Magagi ya gai da wasu magidanta a bakin rijiyar kasuwar Filinge, sai duk suka duƙa suna leƙen ruwa kamar guga ya tsinke musu. Ɗaya da ya ga gaisuwar za ta yi tsawo, ya kora jakinsa tun bai ƙoshi da ruwa ba. Magagi ya tsaya da hannu a miƙe. Da ya ga ba mai karɓa, ya mayar da shi ya sosa ƙeya, wai dama abin da ya ɗago shi ya yi ke nan.

Wanda bai san Magagi ba, manomi ne daga wani ƙauye a gefen Damana, gemunsa ya fara furfura. Matarsa ta rasu shekarar da Nasara suka iso, tsaransa da suka yi kiwon awaki tare kuwa wasu yaƙi ya ci, wasu yunwa ta kora gabas. Ya tattara ya dawo Filinge, yana kwana a zauren mijin ƙanwarsa Dijatu. Tuwo bai yanke masa ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai sa hannu tare da shi a akushi, ya ce masa miyar nan gishiri ya yi yawa. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har ya fara ba akuyar gidan labari.

Yin aboki bayan mutum ya girma dama aiki ne. Yaro ya ga yaro, su yi dambe, gobe sun zama aminai. Babba kuwa sai an tambayi gidan da ya fito, da abin da yake nema wurinka. To, a kan wannan wahala ne manyanmu na bariki, Allah ya ƙara musu inuwa, suka kawo tasu gudummawar.

Ranka ya daɗe Mai Farar Hula, Nasaran da ke mulkin garin, yana da kaya a Yamai da ba za su zo da ƙafarsu ba. An ce har da wani kwale-kwalen ƙarfe da zai riƙa kwanciya a ciki yana wanka, a garin da mata ke kokawa da igiya kafin su cika tulu. Kaya irin wannan a sanda ake rataya shi, mutum a gaba, mutum a baya. Sai Mai Hula ya ce duk wanda aka kama ɗaukar kaya ya zo da kamarad ɗinsa, wato wanda zai kama masa ɗaya bakin sandar. Mai girma tafinta, wanda ya sha Faransanci har ya ƙoshi a wata biyu, ya juyo ya ce wa gari: kowa ya zo da abokinsa. Ya ƙara da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma za a dawo da kowa kafin ruwan shuka, da turmin zane a kafaɗa. Waɗanda suka tafi bara sun dawo ana girbi, zanen kuwa har yau ana saƙa shi a ƙasar Nasara.

Tun daga ranar abota ta mutu a ƙasarmu ta Kurfai, ba a ko yi mata zaman makoki ba. Mu gode wa manya, sun hutar da mu doguwar gaisuwa. Masu dara a gindin gawo suna nan suna yi, amma da dogari ya gifta sai su hau zagin juna har kakanni. Na tambayi maƙwabcina Sahabi ina amininsa da suke cin goro ɗaya a raba, ya ce shi bai taɓa ganin mutumin ba, kama ce kawai.

A cikin wannan kasuwa Magagi ya fito neman aboki. Ya zauna wurin mahauta, suka ce wuƙa suke wasawa. Ya koyi sallama irin ta fatake Musulmi, ya kai musu, suka amsa da kyau suka ja buhunansu. Ya je wurin wasan bori ya kai baƙar kaza, ya roƙi iskar gidansu ta haɗa shi da mutum. Iska ta hau, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta hango jar hular dogari a bayan taro. Ta ce ita ma sanin gani kawai ta yi masa.

Ana nan sai ga Kailu baduku, ran kasuwa, ya taso daga kan fatunsa da fara'a har kunne. Ya ce wa Magagi fofo, sannu ke nan da Zabarmanci, ya tambayi gajiya, ya tambayi Damana, ya buɗe battarsa ya ba shi taba da kanwa. Washegari ya gyara masa takalmi. Rana ta uku ya zo zaure ya sa hannu a akushi, ya kuma ce miyar ta yi gishiri. Magagi ya ji wani sanyi a ransa da ya manta da irinsa.

Dijatu ba ta yi murna ba. Ta tare yayanta a ƙofa ta ce, "Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Wanga mutum, sai da dogari ya tahi gidanai kana ya san kana duniya."

Magagi ya ce, "Na jiya. Ke dai ƙara tuwo, baƙona shina da ci."

Ba a daɗe ba aka kira su bariki, don an kama Kailu ɗaukar kaya, shi kuma ya ba da sunan Magagi. Mai Hula yana zaune a inuwa ana yi masa fifita, tafinta yana tsaye, Kailu yana gefe yana kallon yatsun ƙafarsa. Dokar a fili take. In Magagi ya ce bai san shi ba, ya koma gida abinsa, Kailu ya sha bulala don ya yi wa hukuma ƙarya. In ya amsa, ga sanda, ga hanyar Yamai, ga gonar da ya ara ba mai shuka ta. Mutane sun taru a bakin shinge, kowa ya bar rata tsakaninsa da na kusa da shi.

Tafinta ya ce, "Kai, wanga abokinka na?"

Magagi ya dubi Kailu. Ya san don me aka ba shi taba, ya san don me aka ɗinke takalmin. Amma tun da ya binne matarsa ba wanda ya tsaya gaban jama'a ya nuna shi ya ce nasa ne, ko da ƙarya.

Ya ce, "Ƙwarai. Abokina na."

Tafinta ya sake tambaya, don shi ma bai taɓa jin an amsa ba. Magagi ya maimaita da ƙarfi yadda na bakin shinge za su ji.

Yau da safe suka kama hanyar Yamai ta Baleyara, sanda a kafaɗa, Kailu a gaba. Dijatu ta raka su bakin gari da ƙullin gumba, ita ta kawo mana sauran labarin. Wai Kailu ya kasa daurewa, ya juyo ido ya cika, ya ce shi fa ba don Allah ya yi ba, a yafe masa.

Magagi ya ce, "Na sani tun ran taba. Amma duba, sandag ga baki biyu gare ta. Ba ka iya aje ta, ba ka iya gudu, kuma Yamai da nisa. Tahi mu tahi, in soma maka tun daga ran da anka haihe ni."

Dijatu ta ce har suka sha kwana tana jiyo muryarsa, sannan ta ji Kailu ya yi dariya, yayanta ma ya yi. Ta tsaya a wurin ta yi kuka, don ta manta yadda dariyarsa take.

Ni dai roƙona, wanda ya ji wannan ya riƙe a cikinsa. In ya kai kunnen manya cewa talaka ya sami abin daɗi a aikinsu, gobe sai mu ji an sa wa hira haraji.