Wadda Take Leƙa Mini Bayan Kabad Ta Rasu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tsoro kuma ya ƙarasa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kyamarata, 'yar ƙarama mai ruwan azurfa. Ta cika ranar Talata, bayan shekara tara a aljihuna.

Tun rasuwar uwar yarana ni kaɗai nake kwana. Wani dare na ji abu a bayan kabad, ƙaras-ƙaras, kamar ana karta farce a jikin katako. Hasken ɗakin ba ya kai wa can. Tocila kuma ba na so, don da tocila kai da abin za ku haɗa ido. Marigayiya kyamarata ce ta ɗauke mini wannan nauyi. In miƙa hannu bayan kabad, in kau da kai, in latsa. Ta yi kukanta, tsiiii, sai fau! In duba hoton: bango, yanar gizo, tsohon takalmi. Sannan barci ya zo.

Marigayiya mai biyayya ce. Alamu huɗu gare ta. Kibiyar walƙiya mai harafi a gefe, ita ke zaɓar lokacin haskawa. Kibiyar da aka soke, ko duhu ya kai na rijiya ba za ta haska ba. Ni kibiya zalla nake sa mata, ta haska dole. Ta huɗun siffar ido ce, jikata ta ce da ita ake cire jan idon mutane a hoto.

Jinyarta gajeriya ce. Daren Litinin hoton ya fito da ɗigo biyu jajaye, can ƙasa. Na mayar da ita kan alamar ido na sake ɗauka. Tana ƙifta-ƙifta ta haska, ɗigon suna nan. Jikata dai jan idon mutane ta ce. Da na latsa na uku, ta fara tsiiii, ta shaƙe a rabi, gilashinta ya maƙale a waje.

Da safe mai gyara ya cire batir ya buɗe ta, ta fizge shi har sukudireba ta faɗi. Ya ce, "Baba, ta gama. Amma kar ka taɓa cikinta, da sauran wuta." 'Yata ta ce, "Idon ɓera ne, Baba. In ka sake kwana a zaune, wallahi gidana zan kwashe ka." Ni kuwa a ɗakin nan uwarta ta bar ni, ba inda za ni. Sai dai kwana uku ke nan ba mai leƙa mini.

Ta bar caja, da batura biyu, ɗaya ya kumbura, da jaka mai mataccen zif, da kati cike da hotunan bayan kabad, da ni.

Za a naɗe ta cikin tsohuwar hulata gobe da hantsi, a sa ta a ƙasan akwatin ƙarfe, a kulle. Masu zuwa gaisuwa su zo da rana. Ana roƙon ƙarfafa biyu da za su janye kabad, ni zan jira a waje.

Saura magana guda. Ɗazu matar tela, wadda tagarta ke kallon tawa, ta shigo gaisuwa. Ni da 'yata da jikata muna zaune, sai ta ce:

"Baba, ka ce tun Talata ba batir a cikinta. To wa ya haska ɗakinka jiya, har sau biyu?"