Ranar da Aka Wanke Matatar Tafki

A wani daji da ko mafarauta ba su san hanyarsa ba, akwai wani tafki da ganyen bado ya yi wa rumfa. Ruwansa ba ya zuwa ko'ina. Yakan zagaya ta wani tsagin dutse, ya ratsa tarin tsakuwa mai kaushi da gawayin da gobarar daji ta bari, ya dawo a tace. Wannan wuri shi kifaye ke kira Matata. Kyau kam ba ta da shi, don wani yauƙi ruwan ƙasa ya lulluɓe ta. Amma cikin yauƙin nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cinye dafin kashin kifi kafin ya koma ruwa.

Tabawa karfasa ce, kuma wannan ne goyonta na fari. Ita karfasa a baki take ɗaukar ƙwayayenta, ba ci ba magana, har 'ya'yan su yi ƙwari. Haka Tabawa ke yawo ƙarƙashin bado, kumatu cike, tana jin motsinsu a kan harshenta kamar yayyafi, tana mafarkin ranar da za ta sake su su bi hasken da ke saukowa ta tsakanin ganye. Tana cikin wannan hali aka kira majalisa.

Shugaba Tarwaɗa ya buɗe taro yana tauna.

"'Yan uwa," in ji shi, "dagwalo ya kai mana wuya. Jiya na kwanta a ƙofar gidana, na tashi ban ga gashin bakina ba. Ba za mu watse ba sai mun gano mai laifi."

Kowa ya san inda dagwalon ke fitowa, tunda kowa yana da ciki. Saboda haka aka shiga duban nesa.

Ƙaguwa ta shigo fili a karkace. "Ranka ya daɗe, ku dubi Matatar nan fisabilillahi. Ƙazanta ce za ta tace mana ƙazanta? In baƙo ya zo, da wane ido za mu dube shi? Na san inda ake samun fararen duwatsu, sumul kamar ƙwan kurciya. Ƙannena za su ɗauko, ba don komai ba, don kishin tafki."

Aka ɗauki sowa. Baba Dodon-koɗi ya nemi izini, amma kafin ya gama fito da kansa daga ƙwarya an wuce wurin.

"Ke fa, Malama Tabawa?" Shugaba ya tambaya. "Kin yi shiru. To, ta amince."

Yini guda aka kwashe tsohuwar tsakuwa, aka jibge ta bayan saiwoyin kainuwa, aka kankare tsagin dutse tas, aka jera fararen duwatsu.

Wayyo kyau! Ruwa ya yi garau har kifi ya riƙa ganin inuwarsa a ƙasa. Rana ta sauko zare-zare, ta kwanta a kan duwatsun suna walƙiya. Kifaye suka yi ta shawagi kamar tsuntsaye, ba su ma ganin abin da ke ɗauke da su. Tabawa kanta ta ce a ranta, ashe haka duniya take.

Sai raɗaɗi ya fara. Ya soma daga wurin numfashi, kamar an barbaɗa barkono a ruwan. Ganyen ƙasa ya yi rawaya. Manya suka haura sama suna haɗiyar iska, kowa yana cewa shan hantsi ya fito. A bakin Tabawa kuwa, yayyafin nan ya fara tsagaitawa. 'Ya'yan sun ƙyanƙyashe, amma motsinsu sai raguwa yake.

Ta bazama neman inda za ta ja numfashi, ta bi gaɓa, ta bi zurfi, har ta faɗa bayan kainuwa, inda aka zubar da tsohuwar tsakuwa. Nan ruwan ya ratsa ta da sanyi, babu yaji. Ta lafe a jikin yauƙin. Can sai ta ji ɗaya ya motsa, sai wani, sai bakin duka ya ɗauki rawa.

Ba ta gama murna ba ta ji shelar zama na biyu.

"An gano tushen cutar," in ji Ƙaguwa, tana tari. "Juji ne da muka bari bayan kainuwa. A fitar da shi tudu yau ɗin nan, rana ta ƙone shi."

"Akwai mai ja?" in ji Shugaba. Idonsa ya biyo layi har kan Tabawa. "Malama ta sake yin shiru. To, ta..."

Baki ɗaya gare ta. In ta rufe shi, za a kwashe tsakuwar, 'ya'yan su mutu a ciki. In ta buɗe, ga su a tsakiyar majalisa, gaban manyan bakuna.

Ta buɗe.

Suka watsu kamar tartsatsin wuta, ƙanana, masu sheƙi, suna juyi cikin hasken.

"Ranka ya daɗe, ban amince ba, wancan karon ma ban amince ba! Ni ban san abin da ke cikin yauƙin nan ba. Abin da na sani, a nan 'ya'yana mutuwa suke, a can suna motsi. Duk wanda ƙirjinsa ke zafi ya je ya kwanta a jujin ya dawo ya ƙaryata ni. Ku mayar da tsakuwar. Kuma mu rage ci, don abin da muke zubarwa ya fi ƙarfin kowace matata!"

Shugaba ya matso sosai don ya ji da kyau. Sau biyu ma ya yi hamma a tsakiyar 'ya'yan, saboda nauyin maganar.

Da Tabawa ta kwashe 'ya'yanta ta mayar da su baki, ta ji harshenta yana juyawa a sake. Ɗazu babu wannan fili.

Majalisa ta tura wakilai juji, suka ƙi dawowa, sai da aka bi su. Aka yanke shawara a mayar da tsohuwar tsakuwa, a jera fararen duwatsu a samanta saboda baƙi. Batun rage ci aka miƙa wa kwamiti. Sannu a hankali ruwa ya huce, bado ya sake fure, Tabawa ta saki waɗanda suka rage, suka bi hasken nan ta tsakanin ganye.

Jarumtarta ta ratsa majalisa ƙwarai, har aka kafa doka cewa daga yau duk uwa mai goyo dole ta tofa albarkacin bakinta a kowane zama. Shugaba da kansa ya kawo ƙudurin.