Ranar da Na Jona Sifika Biyu

Ni mutum ne mai duba ƙofa sau uku kafin in fita. Shi ya sa da Alhaji Sani, mai shagon da nake aiki, ya ara mini amfilifayar jitar bes, wato na'urar ƙara sauti, don sunan ɗiyata a unguwar Concourse Village, na ƙudura ba mai taɓa ta sai ni. A bayanta an rubuta kada sifika ta gaza om huɗu, ma'aunin juriyarta ga lantarki ke nan. Sifikuna biyu ne, kowace om huɗu. Na ɗauki biro: huɗu da huɗu, takwas. Na sake lissafawa, takwas dai.

Wani direban tasi ɗan Kumasi ya leƙo ya ce, "Maigida, in ka jona su tare, om biyu suke komawa fa, ba takwas ba."

Na ce masa ko a firamare ban taɓa faɗuwa lissafi ba. Na jona.

A waƙa ta uku, mata na tsakiyar rawa, sauti ya ɗauke, hayaƙi ya tashi. Alhaji ya sunkuya ya shinshina kayansa.

Har yau, in an hura gawayin tsire a wajen taro, sai wani ya waiwayo ya ce, "Injiniya, wannan ma kai ka jona?"