Rasuwar Tsohuwa, Mai Lura da Motocin Hanyar Dirkou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar ayarin da zai tashi ran Litinin, iyalin injiniya Zaharaddin na nan Agadez suna sanar da rasuwar Tsohuwa, ordinatar, wato kwamfutar, da ta daɗe tana hidima a gidansa. Ta cika ran Alhamis bayan azahar, mai ita yana Yamai.

Zaharaddin ne ya gina wa sandika, wato ƙungiyar direbobi, tsarin da ke bin sawun motocin Dirkou, Bilma da Djado. Direba in ya kai inda akwai rezo, wato inda waya ke kamawa, sai ya aiko da saƙo. In lokaci ya wuce ba a ji shi ba, tsarin ya tada mutane a fita nema. Ya yayyanka aikin ƙanana-ƙanana, kowane yanki da hidimarsa, ya ɗora su a manyan na'urorin ƙasashen waje da masu sana'ar ke kira girgije. In yanki ɗaya ya faɗi, wani ya tashi a madadinsa kafin a ankara. Ya rubuta su da harshen na'ura wanda ba ya barin kuskure ya wuce sai an gyara. A kan wannan gwaninta aka gayyace shi Yamai ya yi bayani.

Sai dai girgije ba ya riƙe layin wayar Nijar. Tsohuwa ce ke riƙe da shi. Duk saƙon da ya fito daga hamadar Tenere ta wurinta yake shiga, duk kiran gaggawa ta wurinta yake fita. Umarnin da take aiki da shi an rubuta shi a gurguje tun farkon aikin, da niyyar a sake shi daga baya. Babu kwafinsa ko'ina.

Marigayiyar ba ta da kyan gani. Murfinta ya tsage, wasu haruffanta sun goge. Amma ta jure ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ta jure zafin watan Mayu, ba ta taɓa raina saƙon direba don ya rubuta shi a karkace ba. Za a tuna da "ƙit-ƙit" ɗin da take yi in mota ta isa lafiya. Zaharaddin yakan ajiye lomar da ke hannunsa ya saurara.

Ciwon ajalinta zafin jiki ne. Mai ita ya yi mata abin da ake yi wa bidon, wato jarkar ruwa, a kan hanya: ya ajiye ta gefen randa, ya kewaye ta da jiƙaƙƙen buhu. Da zai tafi ya bar wa mahaifiyarsa, Hajiya Barira, sallahu cewa in ta yi zafi a jiƙa buhun. Ran Alhamis Hajiya ta taɓa ta, ta ji kamar goshin mai zazzaɓi. Hajiya kuwa tun tana budurwa take sanyaya ruwa, ta san buhu ba ya aiki sai ya rufe abu ruf. Ta lulluɓe ta, ta kwarara mata moɗa biyu. An ji "tas", daga nan shiru. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su tada maganar a gaban Hajiya, don har yanzu abinci bai shige ta ba.

Ta rasu ta bar caja da linzami, da 'yan'uwanta na girgije, dukkansu lafiya lau. Tun ran Alhamis suke ta tada ƙararrawa, amma ƙararrawar ba ta da hanyar isa kunnen kowa. Ta kuma bar Issouf, ƙanin Kadidia matar Zaharaddin, wanda ya taso daga Dirkou ran Laraba da mota cike da fasinja. Ko ya aiko da saƙo, ko bai aiko ba, babu wanda ya sani. Zaharaddin ya dawo ya buɗe duk abin da ya gina, ya ga komai yana aiki daidai, ya rufe.

Gawar tana shagon Malam Illiya mai gyara, inda ake ƙoƙarin ciro abin da ya rage a cikinta. Ba za a yi jana'iza ba sai ya ce ya haƙura. Zaman makoki a tasha ne, ofishin sandika, daga sallar asuba har a ji duriyar kowace mota. Ba a bukatar goro ko dabino. Mai zuwa ya zo da wayarsa cike da caji, za a ba shi lambar direba ɗaya ya yi ta kira. Lambar Issouf tana hannun Kadidia, ta ce kada a ba kowa.